Ta Uku Daga Hagu

Da misalin ƙarfe goma na safe ya turo ƙofar shagon tabarau, idanunsa jajur kamar wanda ya yanka albasa buhu guda. Auta ce kaɗai a shagon, don likitan ya fita. Ita ke gwada ƙarfin ido, ita ke taya mutane zaɓen firam, kuma a shekara ukun da ta yi a wurin ta saba da kallon maza iri-iri. Amma wannan kallon daban ne. Yana ɗaga kai ya gan ta, sai ya ja da baya har ya ture kwandon shara.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau." Bai ɗauke ido ba. "Don Allah ki ɗan karkata kanki hagu."

"Ikon Allah! Ni zan gwada ka ko kai za ka gwada ni? Zauna ka karanta min layin ƙasa na haruffan allon can."

Ko layi na uku bai iya karantawa ba. Ta ɗiga masa magani, ta tambaye shi wane irin aiki ne ya cinye masa ido haka. Ya ce wankin fim yake yi. Ta ɗauka zolaya ce, sai ya yi mata bayani. Tsofaffin finafinan waƙa da rawa, na zamanin iyaye, suna nan jibge a gwangwanaye suna lalacewa. Shi ke kwashe su zuwa kwamfuta, ya bi hoto ɗaya bayan ɗaya yana goge zane da tabo da ƙura. A kowane sakan guda akwai hoto ashirin da huɗu.

"To ai dole ka makance," in ji ta.

"Yau makanta ba ta dame ni ba. Wata biyu ke nan ina goge fuskar wata mata, sai ga ta yau ta ɗiga min magani a ido."

Auta ta yi dariya, ta ce a ranta wannan salon neman lambar waya sabo ne fil. Ta ba shi lambar don ya tambayi ranar da tabaransa zai fito. Haka dai ta gaya wa kanta.

Kafin ta tashi daga aiki saƙo ya shigo:

"Salam. Makahon ɗazu ne. Na samu na karanta layin ƙasa. An rubuta wai in sake dawowa gobe."

Ta amsa: "Ka huta da kallon waya, Makaho. Umarnin likita ne."

"Likita ya fita ai. Umarninki nake jira."

Shi ke nan, suna ya bi shi. Kafin wata ya zagayo ya zama Makahona, kuma tabarau ɗaya tak ya sa ya zo gyaran ƙafarsa sau shida, alhali babu abin da ya same shi.

Wata Asabar da rana ya roƙe ta ta zo ta ga wurin aikinsa. Ɗaki ne a saman tsohuwar silima, mai sanyi ƙalau, ga wani warin tsami na tashi daga gwangwanayen da aka jera har rufi. Ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa ko ɗaya. Tana kallonsa yana magana, baki har kunne.

"Kin san abin mamaki? Ba wanda ke tuna labaran finafinan nan. Ki tambayi tsoho wa ya auri wa a ciki, sai ya yi ta sosa ƙeya. Amma ki kunna masa kiɗan! Akwai wata tsohuwa da ke zuwa nan da sandarta, da ƙyar take hawo matakala. Ina kunna mata rawa guda, sai ki ga ƙafar da ta ce ta mutu tana buga ƙasa. Wata uku suka rage mu haska wannan a zauren ƙasa, amma tun yanzu ana tambayar tikiti."

Ya danna maɓalli. Kiɗa ya tashi, sai ga filin shanya, mata goma sha biyu cikin fararen riguna, kowace riƙe da zanen gado. Suka kaɗa zannuwan sama gaba ɗaya, suka juya, suka ratsa ta ƙarƙashinsu suna dariya. Hoton duk zane-zane ne kamar ana tsuga ruwan sama, fuskokin ba a ko gane su. Duk da haka sai da Auta ta ji kafaɗarta na motsi.

"Sakan arba'in ne rawar," ya ce. "Hoto ɗari tara da sittin. Na wanke ɗari biyu. Yanzu dubi nan, ta uku daga hagu."

Ya tsayar da hoton, ya jawo fuskar kusa. Tas take, kamar jiya aka ɗauka. Yarinya ce 'yar shekara goma sha takwas, ta karkata kai hagu tana dariya, ga ɗan tabo a girarta ta hagu.

Auta ta ƙura wa girar ido. Wannan tabon kullum da safe sai ta gan shi, in Mama ta sunkuyo tana zuba mata shayi.

"Kin ga abin da ya sa na ture kwandon shararku?" Yana dariya. "Daga yau sunanki Ta Uku."

Ta ce masa sanyin ɗakin ne ya kama ta. Yadda ta sauko matakalar nan, ita kanta ba ta sani ba.

Ba yau ta san zancen ba. Tana 'yar shekara goma sha biyu ta dawo makaranta da wuri, ta tarar da Mama a bayan gida tana shanya, tana juyi da zanen gado, tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Da suka haɗa ido, Mama ta zube a ƙasa. A nan ta gaya mata: kafin aure ta yi aiki wurin telan da ke ɗinka wa 'yan fim kaya. Wata rana 'yar rawa ɗaya ba ta zo ba, rigar kuma ta yi wa Mama daidai. Yini ɗaya ne kawai, ko sunanta ba a rubuta ba. Da fim ɗin ya tsufa ya dusashe, sai ta gode wa Allah. Ta riƙe hannun Auta gam, ta sa ta rantse ba za ta taɓa gaya wa kowa ba, musamman Baba.

Baba kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ne, 'yan layi na ce masa Mai Agogo. Ƙarfe huɗu daidai yake fita miƙe ƙafa, biyar daidai yake dawowa, har maƙwabta kan gyara agogonsu da shi. Bai taɓa ɗaga wa Mama hannu ba, bai taɓa zaginta ba. Amma in kiɗa ya tashi a talabijin, kallo ɗaya yake yi a kashe. Ranar da aka nuno 'yar wani abokin aikinsa tana rawa a talla, Auta na zaune ya ce, "Da 'yata ce, da na cire ta daga cikin 'ya'yana. Da matata ce, da ba ta ƙara kwana a gidana ba." Kuma duk layin an san Mai Agogo ba ya magana biyu.

To ga shi yanzu wanda take so shi ke tone abin da shekara talatin suka binne, da hannunsa, da farar safarsa, yana murna.

Saƙonninsa da a da take ɗokin gani suka koma abin tsoro.

"Ta Ukuna, yau na wanke arba'in. Saura ɗari bakwai da ashirin. Kin yi dariya a hoto na 231, na kasa wucewa."

Bayan sati biyu: "Saura ɗari huɗu. Akwai inda zanen ya rufe miki fuska, na ji haushinsa."

Duk lokacin da wayar ta yi ƙara sai ta ja lokaci kafin ta duba. Ta rame. A shago ta ba wani dattijo tabaran jikarsa, ya fita yana karo da bango. Ga so, ga tsoro, kuma duk a wurin mutum ɗaya.

Ana haka ya ce lokaci ya yi da zai zo ya gaida Baba. Ta yi ta kawo uzuri har uzuri ya ƙare. Ya zo ranar Lahadi da hantsi, ya durƙusa har ƙasa. Baba ya dube shi ta saman tabarau.

"Samari, mene ne sana'arka?"

"Baba, gyaran tsofaffin finafinai nake yi. Na waƙa da rawa. Yanzu haka ina kan wani mai rawar 'yan shanya, watakila ma kun taɓa..."

"Ban taɓa ba." Baba ya duba agogonsa. "Wato kai mai wanke wa 'yan rawa fuska ne. Allah ya ba da sa'a. Ka gaida mutanen gida."

Mama na gefe tana ninke kayan wanki. Auta ta lura riga ɗaya ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa, har sau uku.

Da baƙon ya fita, Baba ya ce shi ya riga ya yi wa Auta sha'awar Mai Kemis, ɗan amininsa, wanda shagon magungunansa ke kallon shagon tabarau. Yaro mai sana'ar mutunci, wanda tun yana ƙarami yake shigowa gidan. Ta je ta yi tunani, amma kada tunanin ya yi tsawo.

Washegari ta je ɗakin sanyi da ƙafarta. Ta tarar da shi ya duƙufa.

"Makahona, alfarma na zo nema. Ka bar fuskar ta ukun nan yadda ka same ta. Wadda ka goge ma ka mayar mata da zanenta."

Ya cire tabarau ya dube ta. "In mayar da zane? Ta Uku, a aikin nan doka ɗaya ce: ba ka ƙara abin da babu, ba ka rage abin da ke akwai. Matar nan ta yi rawarta da gaske, wa ya ba ni ikon shafe ta?"

"Ni na roƙe ka."

"To gaya min dalili."

Dalilin na bakinta, rantsuwa ta danne shi. Ta tsaya tana murza gefen mayafi. Shi kuwa, bawan Allah, sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya gano bakin zare.

"Kai! Kishi kike yi? Da hoto? Haba Ta Ukuna, matar da yanzu watakila ta yi jikoki!"

"Ka zaɓa, ko ni ko ita."

"Ai ke ce ita."

Ta fita tana hawaye. Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba. Saƙonni dai ba su fasa ba. "Saura ɗari." "Saura talatin, kuma ba na jin daɗin komai." A rana ta goma ya rubuto:

"Na gama. Na kuma gane laifina: na ɓoye ki a ɗaki ni kaɗai ina kallo, shi ya sa kika zaci wata nake so. Na yi miki kyautar ban haƙuri. Gobe in kin zo aiki ki dubi bangon da ke gefen kemis."

Garin gyaran gira, an tsone ido. Da safe tana sauka daga mota ta gani. Fosta ce ta sanar da ranar haska fim, tsayinta ya kai na mutum. A cikin mata goma sha biyu, fuska ɗaya ya zaɓa ya cika takardar da ita. Mama ce, da karkataccen kanta, da dariyarta, da tabon girarta, tana kallon duk mai wucewa a babban titi.

Auta ta tsaya cak a gaban fostar. Tana tsaye a nan ta ji murya a bayanta.

"Ƙanwata, kin ga abin da nake kallo tun safe?" Mai Kemis ne, da farar rigarsa ta aiki, hannu a aljihu. "Da farko na ce ke ce. Sai na tuna hoton auren da ke rataye a falonku. Tabon nan dai ba a gadonsa."

"Kama ce kawai."

"Haka ne, mutum da mutum sai Allah." Ya yi murmushi. "Ni ai ɗan gida ne, bakina alaikum. Sirrin surukai ba ya fita daga bakin suruki. In kuwa bare ne ni, to, kin san Baba kan tsaya mu gaisa. Zuwa Juma'a nake son jin amsarki."

Ta shiga shago ta kulle kanta a ɗakin gwaji. Sai da ta yi kuka mai isarta, sannan ta kira Makaho. Rantsuwar shekara goma sha biyu ta karye a cikin minti ɗaya.

"Mahaifiyata ce," ta ce. "Baba bai sani ba. In ya sani, aurenta ya mutu."

Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"Innalillahi. Guda sittin na sa aka liƙa."

Ranar nan duk wanda ya bi babban titi ya ga wani mai tabarau cikin rana tsaka yana yage fostocin da shi da kansa ya sa aka buga, farcensa har jini. Wajen azahar ya turo saƙo:

"Na cire hamsin da bakwai. Uku ban same su ba, an riga an cire. Zan mayar da zanen a kan duka ɗari tara da sittin, yau ɗin nan zan fara. Ban taɓa ɓata abin da na gyara ba, amma ban taɓa son kowa kamar ke ba. Ki yafe wa makahonki."

Ta nemi izini ta koma gida bayan la'asar. Baba ya fita miƙe ƙafa. Ta sami Mama a kicin, ta durƙusa ta zayyana mata komai.

"Mama, zan auri Mai Kemis. Shi ke nan magana ta mutu."

Mama ta kashe murhu.

"Ki auri mutumin da ya fara neman aurenki da barazana? Yau ni ce a hannunsa, gobe ke ce. Shekara talatin ina kwana da tsoro ina tashi da shi, Auta. Na san nauyinsa. Ba zan ɗaura miki shi a kayan aure ba. In Babanki ya dawo ni zan gaya masa da bakina."

Suka zauna a falo suna kallon agogon bango. Biyar ta buga, ba Baba. Biyar da kwata. Biyar da rabi. Tunda aka haifi Auta ba ta taɓa ganin haka ba, har maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Shida saura kwata ƙofa ta buɗe. Ya shigo ba sallama, da naɗaɗɗiyar takarda a hammatarsa. Ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya danne gefe da gefe da kofuna. Ba wanda ya kai masa gulma. Bangon tashar da yake bi kullum ne ya gaya masa.

"Malam," in ji Mama, "ni ce."

Ya dube ta, ya dubi takardar, ya naɗe abarsa, ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Kai, da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Kwana uku bai ce uffan ba. Abinci in an ajiye, haka za a ɗauke. Ƙarfe huɗu ta yi ta wuce bai fita ba. Mama ta sauko da tsohuwar akwatinta daga saman kabad, ta jera kayanta a ciki, ta tura ta bayan ƙofa. Duk motsin da ya fito daga ɗakin Baba, sai Auta ta ji kamar takarda ce yake yagowa daga littafi. Juma'ar Mai Kemis ta zo ta wuce, ba wanda ya ko tuna da shi.

A rana ta huɗu da hantsi ƙofar ta buɗe.

"Auta. Kira yaron nan mai fim. Ki ce ya zo da abin, yadda ya gyara shi. Kada ya rage komai."

Ya zo da kwamfutarsa a rungume, gumi na tsiyaya. Allah ya sa bai goge wankakken ba. Ya ajiye a kan tebur, yatsunsa duk filasta, ya kasa ma samun maɓallin sai da Auta ta nuna masa. Mama na tsaye a bakin ƙofa kusa da akwatinta.

Kiɗa ya tashi a falon Mai Agogo, karo na farko a tarihin gidan da ba a kashe shi ba. Zannuwa suka tashi sama. Mata goma sha biyu suka juya. Sakan arba'in, ba wanda ya yi numfashin kirki.

"Maimaita," in ji Baba.

Aka maimaita. Ya matso da kujerarsa.

"Maimaita."

A karo na uku ya ɗaga hannu daidai inda ta ratso ta ƙarƙashin zanen tana dariya. Aka tsayar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ga Mama, kuma Auta ta ga abin da ba ta taɓa zaton gani ba: idon Baba ya kawo ruwa.

"Ranar farko fushi na yi," ya ce. "Na ce an ci amanata. Rana ta biyu na buɗe takardar nan don in ƙara wa fushina wuta. Sai na tsaya ina neman ranar da na taɓa ganin wannan dariyar a gidana. Na bi shekara talatin ɗaya bayan ɗaya, har ranar aurenmu, har ranar da aka haifi yaran nan. Ban same ta ba." Ya nuna hoton. "Maman yara, ashe haka kike dariya?"

Mama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

"Na san abin da na faɗa a falon nan. An ce ba na magana biyu. To yau zan yi. Mayar da akwatin nan inda kika ɗauko ta."

Auta ta zube a ƙasa tana kuka, ita kanta ba ta san na mene ne ba. Baba ya share ido, ya gyara zama, ya koma Mai Agogonsa. Ya dubi saurayin da ke rakuɓe a gefe.

"Kai kuma. An ce ka yi niyyar mayar da zane a fuskarta?"

"Na fara, Baba. Na yi guda goma sha ɗaya."

"Ka goge su. Wa ya ce ka taɓa min fuskar mata?" Ya duba agogonsa. "Ka turo manyanka ranar Asabar. Ƙarfe goma. Ba goma da minti ɗaya ba."

Ranar da aka haska fim ɗin zauren ya cika maƙil, har da na tsaye. Tsofaffi suka yi ta rera waƙoƙin tare da 'yan fim, matasa na dariya suna ɗauka a waya, daga baya su ma suka kama. Da rawar 'yan shanya ta zo, aka tafa har sai da aka sake ta. A layi na biyar akwai wani dattijo da ya zauna ƙiƙam bai tafa ba, amma hannun matarsa na cikin nasa a bainar jama'a, abin da 'yan layinsu suka yi wata guda suna zancensa. Mai Kemis bai zo ba. Sirrin da ya so ya sayar ya zama abin da kowa ya sayi tikiti ya gani.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da safiyar ranar saƙo ya shigo wayar amarya:

"Ta Ukuna, yau ba saura ko ɗaya."

Ta amsa: "Ka dai zo da tabaranka, Makahona, kada a ba ka wata."

Da yamma, da za a tafi da ita, Baba ya sa aka kira ango gefe. Auta na kusa, lulluɓe, tana jin komai. Ta zaci zancen haƙuri da riƙon amana zai yi, irin wanda kowane uba ke yi. Sai ya kama hannunta ya ɗora a na mijinta.

"Ɗana, abu ɗaya zan gaya maka. In ka ga matarka ta cika shiru a gabanka, kada ka yi saurin cewa ka dace da mai kunya. Ka bincika. Ni shekara talatin ina zaune da mace mai tsorona, ina yi wa abokaina alfahari da ladabinta." Ya dubi Auta. "Wannan da na ba ka, ita ma a cikin tsorona ta girma. Ban iya cire mata shi ba. Kai ka cire."

"In sha Allahu, Baba."

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ya sa gidanku ya zama inda ba a rage murya in an ji takun maigida."

Duk wurin aka amsa da amin. Mama ce ta fi kowa ɗaga murya.